Gwaggo da Matar Rasha

Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato aka mayar da yayana aiki Birnin Kebbi, inda bai samu ko ɗaki ɗaya na kansa ba. Shi da abokan aikinsa a ofis suke shimfiɗa tabarma. Sai ya loda kayansa a mota ya kawo gidanmu a Yelwa, aka jibge su a ɗakin da ke kusa da zaure, ya ja kunnen kowa kada a taɓa masa. A cikin kayan akwai talabijin da bidiyo. Ina jin ko tasha bai kai ba na taɓa.

A lokacin ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, kuma ina ganin duk garin babu wanda ya san soyayya sai ni. Dalili kuwa, a kwaleji na karanta wani ƙaton littafin Rasha da aka juya zuwa Turanci, mai kauri kamar tubali, bangonsa ya daɗe da yagewa. Labarin wata matar aure ce da zuciyarta ta tafi wajen wani matashin soja, komai nata ya rushe. Na yi kuka a kan littafin nan har takardunsa suka kumbura. To sai ga wata malama da muke aiki tare ta ce tana da fim ɗinsa a kaset. Ta ba ni aro ranar Juma'a, ta ce lallai ta karɓa ranar Lahadi da yamma, don su ma an mayar da mijinta Birnin Kebbi, da safiyar Litinin za su tashi.

Na tsara abina tsaf. Zan jira a kawo wuta, in shiga ɗaki ni kaɗai, in sake labule, in yi kukana yadda raina yake so. Wutar ma sai an yi ta addu'a. Muna zaune a bakin ruwan da ake yi wa ƙasa lantarki da shi, ruwan da ya cinye ƙauyukan kakanninmu, amma wuta sai ta ga dama take leƙo mu.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, 'yan dako biye da ita da kwanduna. Tana aure a wani ƙauyen masunta can wajen Wara, a ƙasar Ngaski, sana'arta bandar kifi. Kafin ka gan ta hancinka ya gaya maka ta iso, don hayaƙin kifi ya kama zanenta, ya kama muryarta. Mace ce gajera mai faɗa, ba a gama magana ba ta sa baki ba. Ta sauke tarwaɗa da karfasa a tsakar gida, ta ce kasuwa ta kawo ta.

Babu wanda ya yarda, babu kuma wanda ya musa. Duk gidan an san ɗanta zai zo kashegari. Shi ne na farinta, wanda ta haifa a aurenta na fari a Shanga. Da auren ya mutu, ana yaye shi dangin ubansa suka riƙe shi, a can ya girma. Yanzu an ɗauke shi aikin soja, zai biyo ta Yelwa ya yi sallama da kawunsa, wato Baba, ya shiga motar Kudu, kuma babu wanda ya san ranar dawowarsa.

A wajen su Gwaggo ɗan fari abin kunya ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana, ba ta zama inda yake zaune, ba ta ɗaga ido ta dube shi. In an yi zancensa sai ta shiga gyaran ɗankwali kamar ba da ita ake ba. Mata da yawa suna wannan kunyar, amma suna sassautawa in yaro ya girma. Ita Gwaggo da yake ba ta raine shi ba, ba ta samu ranar sassautawa ba, sai abin ya daskare mata. Zuwansa na baya gidan maƙwabta ta tsallaka ta wuni. Ga shi yanzu ta keto tafki a kwalekwale don ta gan shi kafin ya tafi, kuma ni na san tana jin sallamarsa za ta gudu. Abin yana ba ni haushi ƙwarai.

Bayan azahar aka kawo wuta. Na lallaɓa na shige ɗakin Yaya, na sake labule, na rage murya. Wauta ce kawai irin tawa. A gidanmu ba a rufe ƙofa da rana, wanda ya rufe kuwa ko dai ba shi da lafiya ko yana cin wani abu shi kaɗai. Ana fara kiɗan buɗe fim Inna ta ɗaga labule ta ga ko lafiya. Bayanta Gwaggo. Bayan Gwaggo matan maƙwabta, ɗaya da tiren shinkafar da take tsincewa, ɗaya da goyo, sai wasu mata biyu da suka zo jirgi ɗaya da Gwaggo. Ɗakin ya cika har ana cewa in matsa in ba manya wuri. Ni da kaset ɗina na koma kan buhun littattafan Yaya, aka kuma naɗa ni mai fassara ba tare da an tambaye ni ba.

Aka nuno wani makeken zaure, fitilun kyandir reras, maza da mata suna rawa suna juyi. Nan ne wurin da matar da sojan suke rawa suna haɗa ido, wurin da na shekara ina gani a cikin kaina. Na gyara zama.

"Wa ka wanke rigunan ga?" in ji Gwaggo. "Dubi yadda suka sharar ƙasa da su."

Mai tsintar shinkafa ta ce ai su ba su wanki, jefarwa suke yi. Inna ta ce a'a, ba abin da ya dame ta sai kafaɗunsu a waje, ga ƙanƙara tana zuba a bakin taga, ba su jin sanyi ne? Aka shiga gardamar ko jinin Turawa ya fi namu zafi. Kafin a gama an wuce haɗa idon, an wuce rawar, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Haka aka yi ta yi. Na ce su dubi yadda sojan yake kallonta, suka ce gashin bakinsa ya yi kama da na tarwaɗa. Na ce su saurari kiɗan, suka ce tun ɗazu ba su ga an ɗora tukunya a gidan ba, me mutanen nan suke ci? Mijin matar, wanda na tsana tun a littafi saboda sanyin zuciyarsa, shi ne ya zama gwarzonsu. Mutum kamili, ga aiki, ga gida, ga keken doki, ba ya duka, ba ya zagi, me take nema kuma? Na yi ta bayani cewa ba ya sonta, ba ya jin abin da take ji. Inna ta dube ni irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi.

Ita Gwaggo ba da mu take magana ba, da mutanen cikin talabijin take yi kai tsaye. Ta ce wa sojan ya ji tsoron Allah ya koma bariki. Ta ce wa mijin ya buɗe idonsa, ana cin amanarsa yana karatun jarida. Matar kuwa ta sha faɗa. "Ke, koma gida! Ina za ki cikin sanyin ga? Wagga mata ba ta jin magana." Na ce, "Gwaggo, ba fa ta jin ki." Ta ce ai ta gani, shi ya sa take ƙara murya.

Da aka zo wuraren da ba a kallo gaban iyaye, ni da kaina na tashi na danna abin gudu, mutane suka yi ta zabura a allo kamar kaji. Wannan ma ban tsira ba, aka ce na hana su ganin labulen ɗakin.

Duk wannan na haƙura, don na san abin da ke tafe. Mijin ya raba matar da ɗanta, ya hana ta ganinsa. Ta daɗe ba ta sa shi a ido ba, sai ta samu hanya ta shiga inda yake a ɓoye. Na ce a raina, nan kam ko dutse ne a ƙirjinsu sai sun yi hawaye. Matar ta durƙusa, ta rungume yaron, tana sumbatar kansa da hannuwansa, tana kiran sunansa tana maimaitawa. Ɗakin ya yi tsit. Na ji daɗi, na ce yau na kama su.

"Ɗiyanta nawa?" in ji Gwaggo.

Na ce a lokacin shi kaɗai ne namiji, shi ta fara haifa.

"Ɗan hwari na?"

Na ce e.

Sai ɗaki ya kaure da salati. Mai goyo ta rufe baki da gefen mayafi. Matan jirgi suka kawar da kai. Matar nan ta bar mijinta, ta bi soja, ta yi rawa kafaɗa a waje, duk sun kalla suna tsintar shinkafa. Amma ta rungumi ɗan fari ta kira sunansa, ga mai aikin gidan tsaye tana gani, wannan ne ya fi ƙarfinsu. Gwaggo ta fi kowa ɗaga murya. "Yanzu na san ba ta da kunya. Sake shi, marar ta ido! Sunanai taka kira, ku ji hwa, sunanai!"

Na cika na batse. Na miƙe na ce wannan wace irin rayuwa ce, uwa ta ga ɗanta bayan an raba su, ku ce ba ta da kunya? Me kuke so ta yi, ta juya masa baya ta shiga gyaran ɗankwali? Ban yi niyyar faɗin na ƙarshen ba, fitowa ya yi. Inna ta kira ni da wata murya da na sani. Gwaggo ta karkaɗe zanenta. Daidai nan aka ɗauke wuta, allon ya tsuke ya zama ɗigo ya ɓace. Matan suka tashi suna cewa Allah ya kyauta, kowa ta kama gabanta, aka bar ni da ɓawon gyaɗa da tsakuwar shinkafa a kan tabarma.

Da yamma ina taya Inna tuƙa tuwo na sake tayar da maganar. Na ce mutum zai tafi aikin soja, wa ya san abin da Allah zai yi, Gwaggo ba za ta iya cewa da shi ko Allah ya kiyaye hanya ba? Inna ta ce ni yarinya ce. Ta ce in Gwaggo ta yi haka gobe, kafin jirginsu ya isa Wara labari ya riga shi, kuma shi kansa yaron ba zai san inda zai sa kansa ba. Ta nuna mini wani ƙunshi da aka rataye daban a madafa, kifi ne zaɓaɓɓe, an ɗaure shi da kyau cikin takardar siminti. Ta ce Gwaggo ta ce a ba duk wanda aka ga zai yi tafiya. Na ce to mutum nawa ne za su yi tafiya a gidan nan? Inna ta ce in tuƙa tuwo.

Ranar Lahadi kafin azahar ɗan Gwaggo ya iso. Tun yana zaure yana sallama Gwaggo ta bar furar da take damawa ta faɗa madafa, ta ja tabarmar ƙofa. Ya shigo, dogo, an yi masa aski ƙwal, da 'yar jakarsa a kafaɗa. Da yake taubashina ne, akwai wasa tsakaninmu, na ce wa ya ga sojan Shanga, Allah ya sa bindiga ba ta fi lauje nauyi ba. Ya ce malamar da ɗalibanta suka fi ta tsawo ba ta da bakin magana. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Inna. Sannan ya juya wajen madafa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "An wuni lahiya?" bai ambaci kowa ba. Daga ciki aka ji ƙarar murfin tukunya. Amsar ke nan.

Ya ci abinci a zaure tare da Baba. Motarsa bayan la'asar za ta tashi. Gwaggo tana madafa cikin zafin nan, babu abin da take dafawa, na leƙa na gan ta zaune a kan turmi ta zuba wa bango ido. Na ce Gwaggo ki fito mana ki sha iska. Ta ce in fita harkarta. Na fita harkarta, raina a ɓace, na ce su ƙarata.

Can sai fanka ta motsa, an kawo wuta. Na ruga ɗakin Yaya. Wannan ce damata ta ƙarshe, mai kaset tana nan tafe da yamma, kuma abin da ya rage na fim ɗin bai fi in gama kafin ta zo ba in dai ba a tsaya wasa ba. Ina danna shi aka ɗaga labule. Gwaggo ce.

"Mai da shi baya," in ji ta. "Wurin marar kunyar nan. Jiya surutu ya hana ni gani."

Surutun wa? Na ce Gwaggo lokaci ba zai isa ba, ke ce fa kika zage ta jiya. Ta ce zagin ne ba ta gama ba. Ta samu wuri can baya, a lungun ƙofa inda ya fi duhu, ta zauna. Sannan ta ɗaga murya yadda za a ji har zaure, tana yi kamar da Inna take. Ta ce ana barin baƙi a waje cikin zafi, ga fanka a ɗaki, ba a ce su shigo su ga haukan Turawa ba?

Inna ta je ta kira shi. Ya shigo kansa a ƙasa, ya wuce can gaba, ya zauna dab da talabijin ya ba ƙofa baya. Inna ta zauna a tsakani. Matan jiya ba su zo ba, ban sani ba ko Inna ce ta tare su. Na mayar da kaset baya ina jin kukan injin kamar a cikin haƙorina, kowane juyi yana cinye mini ƙarshen fim ɗina.

Aka sake nuno matar tana shiga wajen yaron. Wannan karon ba wanda ya nemi fassara. Na saci kallon Gwaggo, na ga ba talabijin take kallo ba. Ƙeyar ɗanta take kallo, da kunnuwansa, da kafaɗunsa, hasken allo yana zagaye su. Ba ta ko ƙiftawa.

Da aka zo inda za a raba matar da yaron, tana riƙe da hannunsa ana janye ta, sai Gwaggo ta yi gyaran murya. Na ce shi ke nan, za a fara zagin.

"Ke," in ji ta, fuskarta a wajen talabijin. "Bar kukan banza, ki hwaɗa mai abin da za shi amhwane shi. Ki ce shi riƙa ruhe ƙirjinai, sanyi na kama shi tun shina jinjiri, tari ba ya barinai. Ki ce kada shi sha ruwan da bai san mahwarinai ba. Kada shi yi wasa da salla. In manya sunka yi mai hwaɗa shi yi shiru, zuciyar ubanai gare shi, na sani."

A allo an riga an fitar da matar, ana nuna keken doki yana tafiya cikin ƙanƙara. Gwaggo ba ta tsaya ba. Muryarta ta dushe, ba irin dushewar hayaƙi ba.

"Ki ce in an ce a ruga gaba, kada shi zan na hwarko. Ki ce shi aiko da saƙo ko na baki na, ko ba wurinki ba, wurin kawunai, za ki ji. Ki ce mai ba ke kinka bar shi ba, amshe shi anka yi. Ki ce kin yahe mai nono."

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ni kuwa da na shirya kuka tun ranar Juma'a saboda wata baturiya, sai ga shi ya zo mini ta inda ban shirya ba, na cusa mayafi a baki.

Shi bai juyo ba. Idonsa yana kan dokin da ke gudu a allo.

"Ya ji," in ji shi. "Duka ya ji. Shi ma ya ce ta yahe mai."

Fim ya ci gaba, an koma wani zaure ana shan shayi, Turanci yana ta zuba ba mai saurare. Can Gwaggo ta ce in kashe abin nan, ya ishe ta da surutu. Saura kaɗan a kai ƙarshen da na yi ta jira. Na tashi na kashe.

Aka kira la'asar. Ya miƙe, Gwaggo ta juya fuskarta bango har ya wuce ta gabanta ya fita. Inna ta bi shi da ƙunshin kifin, ta ce wani ne ya bari a ba matafiyi. Baba ya raka shi tasha. Ba a jima ba malamar ta aiko aka karɓi kaset, ta ce a tambaye ni ko na ji daɗin ƙarshen. Na ce a ce mata na gode. Har yau ban ga ƙarshen fim ɗin nan ba, kuma in na tuna yadda aka yi mini taron dangi a kansa haushi yana taso mini sabo.

Na koma ɗakin don in rufe kayan Yaya da zane kafin ya zo ya gane an taɓa. Gwaggo tana nan a lungunta ba ta motsa ba. Na ɗaga labule haske ya shigo, ta ce in sake shi. Na sake. Ina naɗe waya ta kira ni a hankali, abin da ban saba ji daga bakinta ba.

"Ke da kinka gan shi tsaye," in ji ta, "ya kai babanku tsawo?"

Na ce, "Ya fi shi, Gwaggo. Sai da ya sunkuya kafin ya fita ƙofar nan."

Ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofar, ta daɗe tana dubansa.